Mabiyiya da rabin awa na bayan haihuwa

 

Hirarmu ta yau a kan mabiyiya take, wadda tsofaffi ke ce wa uwa. Na san wasu maza za su ce zancen mata ne, su kaɗe riga su tashi. Dakata, malam. Amalanke naka ne, izinin fita kuma a bakinka yake.

Mabiyiya wata tsoka ce mai faɗi da ke manne a jikin mahaifa, nauyinta wajen rabin kilo. Ta nan ne abinci da iska ke fitowa daga jinin mace su bi cibiya su kai ga ɗa, wata tara cur. Ashe iyayenmu ba su yi kuskuren suna ba.

Kun san girman da muke ba ta. Ungozoma ta wanke ta, a haƙa rami bayan ɗaki ko wajen makewayi, a binne ta a asirce, don kada kare ya tone, ko maƙiyi ya samu abin kai wa boka. Wasu sun ce in aka binne ta a kife, matar ba za ta sake haihuwa ba. Wannan ba ta da tushe, domin rami ba ya da iko da mahaifa. Amma binnewar kanta ni ban ga aibinta ba. Tsabta ce, mutunci ne. A zurfafa ramin, nesa da rijiya, wadda ta taɓa ta kuma ta wanke hannu da sabulu.

Akwai masu neman ta don magani, su ce tana kawo haihuwa ko ruwan nono. Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka ma wasu mata na sa a busar da ita, a niƙa, su haɗiya cikin ƙwayoyi. Binciken likitoci bai nuna amfanin haka ba. A 2017 ma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ba da labarin wani jariri da cutar jini ta kama, aka kuwa samu irin ƙwayar cutar cikin abin da uwarsa ke haɗiya.

To, ga inda nake so ku kasa kunne. Muna kula da mabiyiya bayan ta faɗo, alhali haɗarin yana gabanin haka. Da jariri ya yi kuka sai guɗa ta tashi, kowa ya koma kansa, mai haihuwa tana durƙushe. In an yi sa'a, uwa takan faɗi cikin ƴan mintoci. Wurin da ta ɓanɓaro kuwa ciwo ne buɗaɗɗe, sai mahaifa ta tsuke ta yi tauri sannan jijiyoyin jini su rufe. In mabiyiya ta maƙale, ko wani yanki nata ya saura ciki, mahaifa ba ta iya tsukewa, jini ya yi ta zuba. Zubar jini bayan haihuwa ita ce kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya, tana iya gamawa da mace lafiyayya cikin awa biyu.

A wani ƙauye da na koyar, wata ɗalibata ta haihu da asuba. Uwa ta ƙi faɗuwa. Aka ba ta kwalba ta busa, aka tura mata ludayi a maƙogwaro, aka turara barkono don ta yi atishawa. Da duk aka gaza, wata ta kama cibiya ta ja, cibiya ta tsinke. Sai da hantsi aka ɗaura amalanke. Allah ya yi da sauran kwananta, amma sai da aka ƙara mata jini, ta yi wata biyu ba ta iya ɗaukar tulu. Ba don mugunta suka yi ba, abin da suka gada ke nan.

Kada a ja cibiya a gida. Jan na iya tsinke ta, ko ya juyo da mahaifa waje. A sa jariri ga nono nan take, domin tsotso yana taimakon mahaifa ta tsuke. Dakashin da ake zubarwa kuwa shi ne rigakafinsa na fari. Matar ta yi fitsari. In uwa ta faɗo, a shimfiɗa ta a duba da haske ko ta cika, a murza marar mai jego har ta yi tauri.

Ku da kuka koyi lissafi, ga ranar amfaninsa. Wani ya duba agogo ko salula lokacin da ɗa ya faɗo. In rabin awa ya cika uwa ba ta fito ba, a kama hanyar likita. In jini na zuba yana jiƙe zane bayan zane, ko ta ce tana ganin jiri, ba a jiran rabin awan ma.

A gidan likita ana yi wa mace allura da zarar ta haihu don mahaifa ta tsuke, akwai kuma ƙwayar misoforostol mai irin wannan aiki. Shi ya sa haihuwa can ta fi. Tun ranar awon ciki ku tambayi ungozomar likita, in kuna son a ba ku mabiyiyar ku tafi da ita gida ku binne, ku faɗa mata tun da wuri.