Soyayya a Cikin Ƙagaggen Labarin Kimiyya: Amfani da Naƙasu



Jawabina ya shafi littattafan da ke haɗa soyayya da ƙagaggen labarin kimiyya, cikin lafazi mai kama da waƙa. Zan kafa hujja da The Time Traveler's Wife, wanda Audrey Niffenegger ta Amurka ta wallafa a 2003.

Henry ma'aikacin laburare ne a birnin Shikago. Wata cuta ta gado tana fizge shi zuwa wani zamani ba da son ransa ba, matarsa Clare ta zauna jira. Amfanin irin wannan rubutu a nan yake: abin da ba ya yiwuwa ya zama madubin abin da muka sani, wato kewar matar da mijinta ya yi nisa, ba ta san ranar dawowarsa ba.

Amma akwai naƙasu. Bayanin cutar bai taka kara ya karya ba, daɗin lafazi ne ke rufe giɓin. Kuma tun Clare tana 'yar shekara 6 Henry ya fara bayyana gare ta, har ta taso da sanin shi za ta aura. To, ina zaɓinta yake?

Saboda haka, ƙannenmu masu sha'awar rubutu, ku fara gina labari da hujja kafin ku yi masa ado. Mu kuma masu karatu, kada zaƙin harshe ya hana mu tambaya.