Jawabin Kwamitin Sayayya Kan Katakon Fofula

 

Mu aka ɗora wa binciken katakon da za a yi wa shagonmu kantoci, amma abin da muka samo ya shafi duk wadda ke zubin adashi don kayan ɗakin 'yarta.

Sunan katakon fofula. Ba bishiyar ƙasarmu ba ce. A Sin da Indiya da Turkiyya da Italiya ake shuka ta gona-gona, kuma tana da saurin girma, don a arewacin Indiya shekara 6 zuwa 8 ake sare ta. Shi ya sa take da araha. Mu nan da wuya mu ga gungumenta. A cikin filawud take zuwa mana, wato allon nan mai falle-falle da aka manne da gam, musamman wanda ake kawowa daga Sin. Sai a lulluɓe samansa da ɓawon wani katako mai ja, ya yi kyau kamar maɗaci.

Ba mu ce katakon banza ba ne, a'a. Fari ne, mara nauyi, bai fi rabin nauyin maɗaci da kaɗan ba. Ƙusa ba ta cika tsaga shi ba, fenti yana kama shi sosai, kuma ba shi da wari. Don haka ake yin tsinken ashana da akwatunan 'ya'yan itace da shi, a Faransa ma har da ƙananan akwatunan cuku. Ga kantar sabulu da man shafawarmu, ya isa har ya yi yawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne ruwa da gara. Fofula ba ya jure laima ko kaɗan, gara kuwa tuwonta ne. Laushinsa ma har farce yana iya yi masa shaida, kuma noti yana kwancewa a jikinsa idan ana yawan jijjiga shi. To ina ga gadon da yara za su yi ta tsalle a kai?

Saboda haka, iyayen amare, idan kun je wurin kafinta, ku duba bakin allon inda aka yanka, ku danna da farce, ku ɗaga ku ji nauyi. Idan cikin fari ne sakayau, kada a biya kuɗin maɗaci. Ƙafafun gado da ƙasan kabad, a nemi katako mai tauri.

Kantocin shago dai mun amince a yi su da fofula, bisa sharaɗin a ɗaga su daga ƙasa, a kuma sa maganin gara kafin damina.