Buhun Ƙasa Shi Ya San Nauyi

Malamai, iyayenmu da suka bar sana'a suka zo, da ku ɗalibai, barkanku da zuwa.

Da safen nan na tsaya a kasuwar Matameye ina kallon 'yan dako suna jibga buhunan gyaɗa. Wani yaro ya jawo buhu mai faci zai sa a ƙasa, sai dattijon cikinsu ya tare shi: "Kai yaro, wannan sama zai hau." Dattijon nan bai taɓa zama ajin fizik ba, amma darasinmu na yau a kafaɗarsa ya koye shi.

Mu ɗora buhu 3, kowanne kilo 50. Duniya tana jan kowane kilo da ƙarfin niyuton 9.8, ke nan nauyin buhu guda niyuton 490 ne. Na sama yana danne na tsakiya da 490. Na tsakiya yana danne na ƙasa da 980, nasa da na wanda ya goya. Na ƙasa kuwa 1,470 yake sauke wa daɓe. Shi ya sa ɗinki daga gindin tari yake fara farkewa, shi ya sa kuma a da masu dalar gyaɗa a Kano suke faɗaɗa gindi su tsuke kai.

A 1687 Isaac Newton na Ingila ya fitar da dokokinsa uku na motsi. Ta ukun tana cewa duk abin da ya tura wani, wancan ma yana tura shi, ƙarfi daidai wa daida, fuska ce kawai ta saɓa. Buhun sama ya danna na tsakiya da 490, na tsakiya ya tokare shi da 490.

To, a nan gizo ke saƙar. Ka tambayi ɗalibi, "A doka ta uku, wane ƙarfi ne abokin nauyin buhun sama?" Sai ya ce tokarar da na tsakiya ke yi masa. Shekara da shekaru ina cin karo da wannan amsa a takardun jarrabawa, kuma ban cika ganin laifin yara ba, mu malamai ne muke zana kibiyoyi biyu a allo mu wuce. Nauyi da tokara duk a jikin buhu ɗaya suke aiki. Su kuwa abokan doka ta uku kamar kishiyoyi suke, kowace da ɗakinta: ɗaya a jikin wannan, ɗaya a jikin wancan. Duniya ce ke jan buhu, don haka abokin nauyinsa shi ne jan da buhun ke yi wa duniya, niyuton 490 cif. Duniyar ce ta yi girman da ba a ganin ta motsa.

Mai shakka ya hau amalanke zuwa Kantché. Da taya ta faɗa rami, sai ka ga buhun sama ya ɗan ɗaga kamar zai tashi. A wannan ƙiftawar tokara ta ragu, wani lokaci ta ɓace sam, nauyi kuwa yana nan 490. Da abokan juna ne, da ba za su taɓa bambanta ba.

Wata baiwar Allah ta tambaye ni a ƙofa ko gammo yana rage nauyin tulu. Iya, ba ya ragewa. Tulu mai kilo 20 yana danna kanki da niyuton 196, kanki yana tokare shi da 196, da gammo ko babu. Gammo baza ƙarfin yake yi, kada ya taru a tsakiyar kai.