Sa'ad Da Aka Sallami Kowa Daga Ɗaki

Karatunmu na yau yana cikin Littafin Sama'ila na Biyu, sura 13. Ba mu cika yin wa'azi a kan wannan sura ba, gama tana da nauyi a baki.

Amnon ɗan sarki Dawuda ya kwanta ciwon ƙarya, ya roƙa a aiko masa da ƙanwarsa Tamar ta yi masa abinci. Dawuda da kansa ya aike ta. Da ta kawo, sai Amnon ya sallami kowa daga ɗakin, sa'an nan ya yi mata fyaɗe. Mu lura, ɗan gida ne ya yi wannan, wanda aka amince da shi, kuma bai taɓa ta ba sai da ɗakin ya zama ba kowa.

Wanta Absalom ya ce mata ta yi shiru. Dawuda ya ji, ya husata ƙwarai, amma ba mu karanta ya hukunta Amnon ba. Bayan shekara biyu Absalom ya sa aka kashe Amnon. Shirun nan bai rufa asirin gidan ba.

Mu ma kowane mako muna aika 'ya'yanmu makarantar Lahadi, da koyon waƙa da yamma, da taron matasa inda ake kwana. Muna godiya ga Allah domin malamansu, yawancinsu amintattu ne. Duk da haka, kada babba ya keɓe da yaro ko yarinya a ɗaki rufe, ko da fasto ne, ko da addu'a za a yi. A bar ƙofa a buɗe, a sami babba na biyu a wurin. Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba, shi ma kāriya ce gare shi. Wanda ya zo ikilisiya jiya kuwa, kada mu danƙa masa yara yau don kawai muryarsa tana da daɗi.

In yaro ya buɗe baki ya faɗa mana wani abu, kada mu ce, "Rufe mana baki, za ka ɓata sunan ikilisiya." Mu saurare shi, mu gaya masa ba laifinsa ba ne. In fyaɗe ne, a kai shi asibiti nan da nan, domin maganin kāriya daga ƙwayar cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin sa'o'i 72. A kuma sanar da hukuma. Dokar haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003 tana lissafta duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Horon ikilisiya na zama a bencin baya yana da wurinsa, amma ba ya maye gurbin shari'a.

Dattawa, muna roƙonku ku sa wannan magana cikin zamanku na wannan wata. Sai mu yi addu'a.