Jawabin Shugaban Taro a Bikin Ƙaddamar da Littafin Bincike kan Koyarwa Bisa Al'adun Ɗalibai



Ina taya malaman da suka haɗa wannan littafi murna. Sun shiga azuzuwa, sun saurari ɗalibai, sun yi rubutu mai gamsarwa. Allah ya saka musu da alheri.

Fagen ba sabo ba ne. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin koyar da yaran firamare da Yarbanci a Ife. A 1995 Gloria Ladson-Billings ta Amurka ta kafa ra'in koyarwa bisa al'adar ɗalibi. Tun boren ɗaliban Cape Town na 2015 kuwa, hankalin masu bincike ya ƙara karkata ga jami'a: da wane harshe ake koyarwa, littattafan wa ake karantawa, ina gurbin ilimin gida a noma da magunguna? A 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na manhajarta ta tsara da kanta.

To, a nan zan ajiye takarda. Wa zai cike wannan gurbi na kashi 30? Malamin da ya shekara yana rubuta littafin kimiyyar ƙasar noma da Hausa, ranar ƙarin girma sai kwamiti ya ture aikinsa, ya tambaye shi muƙala a mujallar Turai. Da wane bakin za mu ce wa ƙaramin malami ya bi sahunsa? Mu ne ke zama a kwamitocin nan, mu ne ke ba da maki. Ba a ɗaure akuya sannan a zarge ta da ƙin kiwo. Ranka ya daɗe Shugaban Jami'a, ina roƙon majalisar malamai ta sake duba ma'aunin ƙarin girma, a ba binciken da aka rubuta da harsunanmu cikakken makinsa, a kuma ware masa rabo daga tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu.

Manyan baƙi masu ƙaddamarwa, a yi wa Allah a biya yau, mawallafa sun gaji da bin bashin alkawari.