Sarauta Ga Sarki, Mulki Ga Majalisa: Jawabi Ga Tsofaffin Ma'aikatan En'e na Gwandu da Argungu

Ga bayanin wani irin mulki wanda ƙasar nan ta ɗanɗana shekara uku cur, daga 1960 zuwa 1963. Shi ne mulkin da sarki ke bisa gadon sarauta, amma zartad da al'amura yana hannun wakilan da jama'a suka zaɓa.

Asalin abin daga Ingila ya ke, kuma ba rana ɗaya aka gina shi ba. A cikin 1215 manyan ƙasar suka tilasta wa Sarki John ya yarda da wata takardar alkawari wadda ta ɗora doka bisa kansa. A cikin 1649 rigima tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da majalisa ta kai har aka sare masa kai. A cikin 1689 aka tsai da magana cewa sarki ba shi da ikon aza haraji, ko dakatad da doka, sai da yardar majalisa. Tun daga 1708 kuwa babu wani mai sarautar Ingila da ya ƙi sa hannu ga dokar da majalisa ta yi.

Ga yadda ginin ya ke. Ƙasa tana rabe mazaɓa 650, kowace ta aika da mutum ɗaya Majalisar Wakilai, kuma ba a wuce shekara biyar ba a sake zaɓe ba. Wanda mafi yawan wakilai suka goya wa baya, shi sarki ke kira ya naɗa Firayim Minista, ko yana ƙaunarsa ko ba ya ƙaunarsa. Shi kuma sai ya zaɓi ministocinsa daga cikin 'yan majalisa. Ranar da wakilai suka jefa ƙuri'a cewa sun daina amincewa da shi, sai ya sauka, ko kuwa a koma zaɓe. Akwai majalisa ta biyu, ta iyayen ƙasa, amma tun dokokin 1911 da 1949 iyakarta ta jinkirta doka kamar shekara guda, in maganar kuɗi ce wata ɗaya tak.

Duk wanda ya taɓa zama a Baitulmali ya san inda ƙarfin nan ya ke. Ma'aji ba ya fid da ko anini sai abin da ke rubuce cikin kasafin shekara. To, mai riƙe da kasafi shi ke riƙe da mulki, a Ingila kuwa wakilai ke riƙe da shi. Sarki yana buɗe majalisa, yana karɓar baƙin ƙasa, yana ba da lambar girma, yana yi wa Firayim Minista nasiha a asirce, amma jawabin da ya ke karantawa ranar buɗe majalisa ministoci ne suka rubuta shi. Saboda haka in abu ya ɓaci, minista a ke tuhuma.

Wannan tsari aka kawo Nijeriya. Ran 1 ga Oktoba 1960 aka sami mulkin kai, Sarauniya Elizabeth ta zama Sarauniyar Nijeriya, Gwamna Janar yana wakiltarta a Ikko. Daga 16 ga Nuwamba 1960 Dokta Nnamdi Azikiwe ya riƙe wannan matsayi, mulki kuwa yana hannun Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, domin shi ya sami rinjaye cikin wakilai 312. Jihar Arewa ita ma haka: Gwamna yana nan a madadin Sarauniya, Sir Kashim Ibrahim ya hau a 1962, amma Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello shi ne Firimiya. Majalisu biyu ke zama a Kaduna, ta Wakilai da ta Sarakuna, Sarkin Gwandu Alhaji Haruna kuwa shi ya shugabanci ta Sarakuna. Watau ƙasar Gwandu ba 'yar kallo ba ce cikin wannan sha'ani.

Inda aka gwada ƙarfin ginin shi ne Jihar Yamma. A watan Mayu 1962 Gwamnan jihar, Sarkin Ife Adesoji Aderemi, ya tuɓe Firimiya Akintola bisa takardar da mafi yawan wakilai suka sa wa hannu, ba tare da an jefa ƙuri'a cikin majalisa ba. Rikici ya tashi, aka kafa dokar ta-ɓaci, shari'a ta kai har London. Alƙalan can suka ce Gwamna bai saɓa wa doka ba, amma majalisar Yamma ta gyara tsarin mulkinta ta rushe hukuncin. Darasin a fili ya ke: uban ƙasa in ya sa hannu cikin faɗan 'yan siyasa, ko da doka tana bayansa, da wuya ya fita da rigarsa fara. Ran 1 ga Oktoba 1963 aka raba ƙasar da sarautar Ingila, a watan Janairu 1966 kuma soja suka kawad da mulkin majalisa ɗungum.

Sarautun gida su ma hanyar da suka bi ke nan, sannu a hankali. Da, Sarkin Gwandu a Birnin Kabi da Sarkin Kabi a Argungu kowanensu shi kaɗai ne En'e, Razdan yana ba shi shawara. A cikin 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo batun gyaran En'e gaban majalisa a Kaduna, tsakanin 1952 da 1954 aka mai da ikon ga sarki tare da majalisarsa. Bayan 1966 gwamnati ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari, a 1976 kuma aka kafa ƙananan hukumomi a gurbin En'e. Tsarin mulki na 1999 bai yanka wa sarakuna wani aiki ba.

Amma akwai bambanci babba. A Ingila dokar 1701 ta tsai da yadda a ke gadon sarauta, Firayim Minista ba shi da ikon tuɓe sarki don sun sami saɓani. A nan kuwa naɗi da tuɓewa suna bin dokar jiha, sandan girma daga hannun Gwamna ya ke fitowa. Sarkin da aka karɓe wa mulki, sa'an nan ba a tsare masa gadonsa ba, an bar shi a rana.

Duk da haka kada wani ya ce sarautar da ba ta da 'yan doka ba ta da amfani. A cikin 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya zo Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da wasan su, aka binne gabar da ta daɗe tsakanin Kabawa da Sakkwato. Ba doka ta yi wannan ba, girma ne ya yi shi. Sarki goma zamani goma. Abin da zamanin nan ke nema ga sarki shi ne ya zama uban kowa, ga masu mulki kuwa su tsaya inda doka ta tsai da su, ga ma'aikaci kuma ya riƙe amanar littafinsa ko wa ke bisa kujera. Allah ya ja zamanin sarakuna, ya ba ƙasa lafiya, amin.