Kwana takwas a Feruja: ɗalibi ba mai masauki

Jawabin da aka gabatar gaban taron iyayen ɗalibai, ƴan kasuwa da ma'aikata a garin Madarunfa.



A zamanin da fataken Katsina da Gobir ke bin hanyar Gwanja neman goro, babu madugun da ke tayar da ayari sai ya san gidan da za a sauka a kowane zango. Fatoma ne ke ba da ɗaki, ya ajiye kaya, ya yi tafinta, ya tsaya wa baƙo gaban sarkin gari in rigima ta taso. Har yau ɗan kasuwar Maraɗi ba ya aika dukiyarsa Kano ko Kwatano sai ya san wanda zai karɓa. Abin mamaki, mutumin nan da ba ya sakin buhun wake ba mai tarba, shi ne zai sa ɗansa cikin jirgi zuwa Turai da addu'a da ƙullin kilishi kaɗai, yana cewa ai karatu ya tafi. Wannan jawabi ya shafi kwanakin farko na ɗalibi a baƙon gari, da abin da ya wajaba a yi tun daga gida don kada kwanakin nan su karya shi.

A ƙaddara yaro ne ɗan Madarunfa, ya sami bak a Maraɗi, ya yi shekara uku a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, sa'annan ya sami gurbin ƙaro ilimin noma a Feruja, babban birnin lardin Umbriya da ke tsakiyar Italiya. Garin yana da jami'o'i biyu. Ɗaya tsohuwa ce, tun 1308 aka kafa ta. Ɗayar kuwa an kafa ta a 1925 musamman don koya wa baƙi harshen Italiyanci, kuma ɗaliban Afirka masu yawa a nan suka fara buɗe baki da harshen. Italiya ba baƙuwar Nijar ba ce ta fannin noma: da kuɗinta aka fara aikin raya karkara na Keita, cikin jihar Tawa, a 1984. Amma sai a watan Janairu na 2018 aka ƙaddamar da ofishin jakadancinta a Yamai. Kafin nan jakadanta na Abijan ne ke kula da Nijar.

Yaron ya sauka filin jirgin Roma cikin watan Oktoba. Bai taɓa hawa jirgin ƙasa ba, ga shi yanzu sai ya nemi wanda zai kai shi Feruja, tafiyar fiye da awa biyu, wani lokaci ma da canjin jirgi a hanya. Ba wanda ya gaya masa cewa tikitin takarda sai an buga masa hatimi a wata ƴar na'ura kafin a hau, in ba haka ba mai duba tikiti ya ci shi tara, ko da ya biya kuɗinsa cif. Da ya sauka tashar Feruja sai ya tarar garin yana can bisa tsauni, ita kuwa tashar tana gindinsa. Ɗan fadama, wanda ya tashi a bakin tabki inda ido ke kaiwa iyakar gani, ya sami kansa yana jan akwati a kan duwatsu, cikin lungunan da ba su miƙe ba. Faransancin da ya yi shekara goma sha shida yana koyo, wanda ya sa ake ce masa mushe a ƙauyensu, ya zama kamar kuɗin ƙasar da aka bari a baya. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Da dare ya buga waya gida. Uban ya ce, "Ka sauka lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, Baba, alhamdu lillahi." Uwar ta karɓa ta ce, "Ka ci abinci?" Ya ce, "Na ci, Inna." Bai ci ba. Ya shiga kanti ya fito hannu wofi, domin lardin Umbriya ya shahara da naman alade, har wani burodin ma da kitsensa ake yi, shi kuwa bai iya karanta abin da aka rubuta jikin leda ba. Tun daga daren farko ya fara ɓoye wa iyayensa gaskiya, saboda ya san abin da aka sayar kafin a haɗa kuɗin jirginsa. A nan haɗarin yake: yaron da ke jin kunyar faɗin wahalarsa, shi ne wanda gida ba zai ji labarinsa ba sai abu ya ɓaci.

Kashegari lissafin kwana ya fara. Dokar Italiya ta ba baƙon da ya shigo da biza ta karatu kwana 8 na aiki ya nemi takardar izinin zama. Bizar ta buɗe masa ƙofa ne kawai, zaman kuwa sai da wannan takarda. A gidan waya ake karɓar ambulan ɗin neman, a cike shi da Italiyanci, a haɗa da kwafin fasfo, da shaidar rajista a jami'a, da inshorar lafiya, da shaidar abin da zai ci, a manna tambarin Yuro 16. In aka tara kuɗaɗen gaba ɗaya sun haura Yuro 100. Daga nan a ba shi rasiɗi da ranar da zai je ofishin ƴan sanda a ɗauki zanen yatsunsa, ranar da kan iya kai makonni ko watanni. Kafin nan rasiɗin nan shi ne shaidarsa. Akwai kuma lambar haraji, mai haruffa da alƙaluma 16, wadda ba a sa hannu kan yarjejeniyar haya ko a buɗe asusun banki sai da ita. Mai gida yana son ganin lamba, ofis yana son ganin adireshi, yaron yana tsakiya da akwatinsa a ɗakin kwanan matafiya, kuɗi na tsiyaya kowace safiya.

Alhazan kasuwa sun fi kowa sanin wannan lissafi. Tun 1999 Yuro ɗaya ya tsaya a kan sefa 655,957, wato kusan 656. In an ce ɗaki Yuro 250 ne a wata, jikka 164 ke nan, kuma mai gida yakan nemi ajiyar wata ɗaya ko biyu kafin ya miƙa mabuɗi. Wanda ya bar gida da jikka 500 yana ganin ya yi guzuri, kafin mako na biyu sai ya ga ƙasan aljihu. Wasu iyaye kan ce ai zai yi aiki can ya riƙe kansa. Doka ta yarje wa ɗalibi awa 20 kacal a mako, kuma wanda bai iya harshe ba, ba ya samun ko wannan cikin sauƙi.

Akwai wata ƙofar taimako da yawancin iyaye ba su san da ita ba. Kowane lardi na Italiya yana da hukumar da ke ba ɗalibai marasa ƙarfi tallafin kuɗi da ɗaki da abinci, har da baƙi. Amma sai ɗalibi ya kawo takardu daga ƙasarsa masu nuna yawan iyalin gidansu, da abin da uba ke samu a shekara, da gidaje ko kadarorin da ya mallaka, an fassara su da Italiyanci, an buga masu hatimin ofishin jakadanci, kuma a kai su kafin ranar rufewa. Ma'aikacin gwamnati yana da takardar albashi. Ɗan kasuwa da manomi fa, waɗanda dukiyarsu ke cikin rumbu da garke da amanar baki? In ba a shirya takardun nan a ofishin magajin gari da na haraji tun kafin tafiya ba, yaron ya yi asarar tallafin shekara guda yana kallo. Ma'aikacin da ya bar irin wannan takarda ta kwana wata biyu a kan teburinsa, ya sani akwai wanda ke kwana da yunwa a bayan teku saboda shi.

Bayan takarda da kuɗi, akwai kallon mutane. Tun bayan haɗarin 3 ga Oktoba 2013, lokacin da jirgin ruwa ya nutse kusa da tsibirin Lamfedusa da mutum fiye da 360, sunan Agadas da Libiya ya cika jaridun Italiya. Baƙin mutum da ke neman ɗaki, wasu sukan ɗauka ta teku ya zo, ko da fasfonsa da bizarsa na aljihu. Wani mai gidan zai amsa waya da fara'a, in ya ga fuska ya ce an riga an kama ɗakin. Akwai kuma waɗanda za su bar aikinsu su raka baƙo har ƙofar ofis. Duka biyun yaron zai gamu da su, kuma gara ya ji labarinsu tun daga gida.

Ranar Juma'a ta farko ya bi tambaya har ya sami inda ake salla. Feruja tana da tsohon tarihi a nan, domin a garin ne aka kafa ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Italiya a 1971. Bayan sallama wani dattijo ɗan Senegal ya ji yana Faransanci, ya kira shi ɗana, ya nuna masa mahaucin halal, ya haɗa shi da ɗaliban da ke neman na uku a ɗakinsu, ya gaya masa cewa garin masarar da Italiyawa ke dafawa su kira folenta, tuwo ne in an yi masa miya. Cikin yini ɗaya aka warware abin da ya gagari mako guda. Fatoma ke nan, amma sa'a ce ta kawo shi, ba shiri ba, kuma ba kowane yaro ke da wannan sa'a ba.

Maganar ɗalibai a Nijar ba ta taɓa rabuwa da siyasa ba. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai uku suka rasa rayukansu a gadar Kenedi ta Yamai, suna zanga-zangar ƙin tsuke bakin aljihun ilimi, kuma jininsu na cikin abin da ya buɗe hanyar babban taron ƙasa na 1991. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, ɗaliban da ke waje suka wayi gari abin da ake aiko masu ya koma rabinsa. Gwamnatoci sun zo sun wuce, kukan jinkirin burs bai gushe ba. Ɗalibin Yamai in burs ta makara yana da ɗan'uwa a unguwa da zai ci tuwo gidansa. Na Feruja ba shi da kowa, kuma mai gidan haya bai san ana jiran sa hannun minista ba. Duk mai riƙe da mulki, in ya tura yaro waje, wajibi ne kuɗin watannin farko su riga shi sauka.

Abin da ya rage ga iyaye bai fi ƙarfinsu ba. Kada yaro ya tashi sai ya yi watanni yana koyon harshen. Kada ya tashi sai takardun gida sun kammala da fassara da hatimi. Kada ya tashi sai da kuɗin wata uku a hannu, da rigar sanyi ta gaske, domin a watan Disamba rana kan faɗi a can kafin ƙarfe biyar. Fiye da kome, kada ya tashi sai an san sunan wanda zai tarbe shi a tasha, an yi magana da shi baki da baki. Ƴan kasuwar da suka iya haɗa adashi don sayen mota, za su iya haɗa asusun da zai riƙe ƴaƴan gundumar nan a watanninsu na farko, su kuma riƙe sunayen waɗanda suka riga tafiya don su zama masu masaukin na baya.

Ba da nisa da Feruja ba akwai wani tabki marar zurfi da ake kira Tarasimeno, wanda ruwansa ke ja baya in damina ta yi ƙaranci, kamar yadda na Madarunfa ke yi. Yaron da ya tsallake kwana takwas ɗin farko da mutuncinsa, zai sami natsuwar tsayawa bakin wannan ruwa ya koyi yadda masu shi ke tattalinsa, ya dawo da abin da masunta da manoman Jiratawa za su amfana da shi. Wanda aka bari shi kaɗai kuwa, yakan bar aji ya bi ƙwadago, takardar zamansa ta mutu, kunya ta hana shi dawowa, gida ya yi asarar ɗa da dukiya a lokaci guda.

Allah Ya tsare matafiya, Ya maido su gida da ilimi mai amfani.